Tsarabar Japan: Me Ya Kamata Ɗalibin Zanen Gine-gine Ya Komo da Shi?

Hausawa kan ce tafiya mabuɗin ilmi. Maganar gaskiya ce, amma mabuɗi ba ya amfanar wanda bai san ƙofar da zai buɗe ba. A jami'o'i da yawa na duniya, sashen koyar da zanen gine-gine kan shirya wa ɗalibansa ziyarar ƙaro ilmi zuwa ƙasar Japan. Akan yi 'yan makonni ana zagayawa, daga Tokyo zuwa Kiyoto da Nara, wani lokaci har Ise da Hiroshima, ɗalibai suna zane a littattafansu, suna awo, suna ɗaukar hotuna. Idan sun komo gida sai a baje kolin abin da suka gano. Tambayar da nake so mai karatu ya taya ni dubawa ita ce: idan ɗalibinmu ya sami irin wannan dama, wace tsaraba ce za ta cancanci kuɗin da aka kashe masa?

A ganina, tsarabar da ta fi kowace daraja ita ce sanin yadda Japanawa suka riƙe maginansu na gargajiya, suka sa ilmin kimiyya ya gwada aikinsu, ya gyara inda ya gaza, sa'an nan suka gina zamaninsu a kansa. Hotunan rufi da na lambu kowa yana iya samunsu ta intanet ba tare da ya bar ɗakinsa ba. Wannan dangantaka ta masani da magini kuwa sai an je an tsaya an yi tambaya ake gane ta, kuma ita ce muka fi bukata a ƙasarmu.

Yanayin Ƙasa Ne Ke Zaɓa wa Magini Kayan Aiki

Japan tarin tsibirai ce a gabashin nahiyar Asiya, kuma kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta daji ne mai manyan itatuwa. Ruwan sama yana da yawa. Lokacin zafinsu kuwa iska cike take da danshi, irin wanda gumi ba ya bushewa a jikin mutum. Ga kuma girgizar ƙasa, wadda ba ta daɗewa ba ta ziyarce su ba. Duk wanda ya riƙe waɗannan abubuwa a zuciyarsa, ba zai yi mamakin siffar gidan gargajiya na Japan ba.

Ginshiƙan katako ne ke ɗauke da rufin gidan, saboda haka bango ba ya ɗaukar nauyi. Da yawa daga cikin bangayen ma ƙyamare ne marasa nauyi, na siraran katako da takarda, waɗanda ake turawa gefe iska ta ratsa gidan daga wannan ƙarshe zuwa wancan. An ɗaga daɓen ɗaki daga ƙasa don kada danshi ya ruɓar da shi. Rufi ya zarce bango sosai, yana kare shi daga ruwa da rana, kuma a ƙarƙashinsa akwai doguwar baranda da suke kira engawa. Ɗakuna kuwa da tabarma ake auna su. Tabarmar, wadda suke kira tatami, tana da kauri, faɗinta kimanin santimita 90, tsawonta kimanin 180. Sai ka ji an ce ɗaki mai tabarma shida, ko mai takwas. Da yake awon ɗaya ne a yanki guda, kafinta da mai yin ƙyaure da mai yin tabarma kowa yana iya aikinsa a shagonsa, idan an kawo kayan su dace da juna.

To, mu waiwayi gida. A Kano ko Katsina ko Damagaram, yawancin shekara iska busasshiya ce, rana tana ƙuna, dare kuma yana saukar da zafin. Maginin Hausa ya amsa wannan yanayi da katangar tubali mai kauri. Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa. Zafin da ya bugi katanga da hantsi sai ya yi sa'o'i yana ratsa ta, kafin ya iso cikin ɗaki dare ya yi, waje ya huce. Tagogi ƙanana ne saboda hasken rana da ƙurar hunturu, tsakar gida kuma ita ce wurin shan iska. Watau tambaya ɗaya aka yi wa magina biyu, yaya mutum zai sami sanyi ba tare da na'ura ba, amma amsa ta bambanta domin ƙasa ta bambanta. Ɗalibin da ya kwaso siririn bango da manyan tagogin gilashi ya kawo su Sakkwato, tanda ya gina wa jama'a. Kayan aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Hasumiyar da Ke Rausaya

Kusa da birnin Nara akwai wurin bautar mabiya addinin Buda mai suna Horyuji, wanda aka kafa a shekarar 607. Gobara ta cinye shi a 670, aka sake gina shi, kuma gine-ginensa suna cikin mafi tsufa na katako da ke tsaye a duniya. A cikinsu akwai hasumiya mai hawa biyar, tsayinta kimanin mita 32, wadda ta yi shekara kusan 1,300 girgizar ƙasa ba ta kayar da ita ba.

Dalilin yana cikin yadda aka haɗa ta. Ba a ƙanƙame katakon da ƙusoshi ba. An sassaƙa wa wani haƙori, an sassaƙa wa wani gurbi, aka cusa wannan cikin wancan. Hawa-hawan kuma an aza su ne bisa juna, kowane yana iya ɗan motsawa shi kaɗai. Idan ƙasa ta girgiza, sai wannan hawa ya karkata dama, na samansa ya karkata hagu, mahaɗan katakon suna gogar juna, gugar nan tana cinye ƙarfin girgizar. A tsakiyar hasumiyar kuma akwai wani dogon ginshiƙi, shinbashira, wanda ba ya ɗauke da nauyin hawa-hawan, yana tsaye ne kusan shi kaɗai tun daga ƙasa har ƙololuwa.

Abin lura a nan shi ne abin da injiniyoyin zamani suka yi da wannan gado. Da aka tashi gina hasumiyar sadarwa ta Tokyo Skytree, mai tsayin mita 634, wadda aka buɗe a 2012, sai aka sa mata ginshiƙin kankare a tsakiya, aka ba shi sunan wancan na dā. Ƙasansa an manne shi da jikin hasumiyar, samansa kuwa an haɗa su da na'urori masu mai a ciki, waɗanda ke sassauta motsi. Idan girgiza ta zo, ginshiƙin da jikin hasumiyar ba sa rausayawa tare, sai motsin ɗaya ya rage na ɗaya. Babbar girgizar ƙasa ta watan Maris na 2011 ta sami hasumiyar ana cikin gina ta, ba ta kuwa yi mata lahani ba. Injiniyoyin ba su gina hasumiyar katako don tunawa da kakanni ba. Sun tambayi tsohon gini dalilin tsayuwarsa, suka ɗauki dalilin suka yi aiki da shi a ƙarfe da kankare.

Adana Gini ko Adana Magini?

Idan da ni ne mai shirya ziyarar, wurin da zan fi daɗewa da ɗalibai shi ne Ise, babban wurin bautar addinin Shinto. Duk bayan shekara 20 akan gina sabon ɗakin bauta a filin da ke gefen tsohon, daidai da shi a siffa da awo, da itacen hinoki, sa'an nan a kwance tsohon. An fara wannan al'ada a shekarar 690. Yaƙe-yaƙen basasa sun dakatar da ita fiye da shekara 120 a ƙarni na 15 da na 16, amma aka komo mata. An yi karo na 62 a 2013, ana kuma sa ran na 63 a 2033. Shirin kowane karo yana cin shekara takwas, katakon tsohon ginin kuma ba a yar da shi, akan raba shi ga wasu wuraren su yi gyara.

Mai kallo daga nesa zai ce wannan ɓarna ce. Amma a dubi lissafin shekarun. Kafinta yana iya halartar aikin sau uku a rayuwarsa: da fari yana yaro mai koyo, na biyu yana gwani mai riƙe da kayan aiki, na uku yana dattijo mai duba aikin wasu. Ta haka sana'ar ba ta taɓa rasa wanda ya gani da idonsa, ya kuma yi da hannunsa. Har dajin da ake saran katakon ba a bar shi haka ba, domin tun 1923 aka fara shirin dasa itatuwan da ba za a sare su ba sai sun kai shekara 200. Wanda ya dasa ya san jikokinsa ma da wuya su ga ranar saran.

Hukuma ita ma ta sa hannu. Dokar kare kayan al'ada ta 1950 ta amince cewa gwaninta da ke hannun mutum dukiyar ƙasa ce kamar yadda gini yake. A 1975 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da sana'o'in da gyaran tsofaffin gine-gine ya dogara a kansu, irin su kafintoci da masu yaɓe da masu baibaya, ana tallafa musu su horar da magada. A 2020 hukumar UNESCO ta sa sana'o'i 17 na ginin katako na Japan cikin jerin gadon al'adun duniya.

Ɗalibin Bahaushe zai ga abubuwan da ba baƙinsa ba ne. Mai yaɓe na Japan yakan kwaɓa yumɓu da yankakken karan shinkafa, ya bar shi ya daɗe yana ruɓa kafin ya shafa a kan saƙar gora, kamar yadda maginanmu kan kwaɓa ƙasa da ciyawa su bar ta ta kwana biyu. A ƙauyen Shirakawa, inda dusar ƙanƙara ke sauka da yawa, rufin ciyawa yana da tsini ƙwarai don dusar ta zame, kuma idan lokacin sabunta shi ya yi, mutanen gari kan taru su yi aikin tare, abin da suke kira yui. Mu gayya muke ce masa, mun kuma san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gargajiya Ma Tana Kisa Idan Ba a Gwada Ta Ba

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk abin da kakanni suka gina daidai ne. Ranar 17 ga Janairu, 1995, girgizar ƙasa ta auka wa birnin Kobe, mutane fiye da 6,400 suka rasu. Mafi yawansu gine-gine ne suka danne su, musamman tsofaffin gidajen katako masu nauyin rufi da raunin bango. An lura cewa gine-ginen da aka yi bayan tsaurara dokar gini a 1981 sun fi jurewa nesa ba kusa ba.

Abin da Japanawa suka yi bayan wannan masifa shi ne darasi na biyu. Ba su haramta ginin katako ba, ba su kuma rufe ido suka ci gaba yadda suke ba. A garin Miki, kusa da Kobe, an buɗe wata cibiyar gwaji a 2005, mai dandamalin ƙarfe na mita 20 da mita 15. Akan gina cikakken gida a kansa, har da na gargajiya, a girgiza shi da injuna daidai da girgizar da aka taɓa aunawa, a ga mahaɗin da ya fara karyewa. Abin da aka gano sai ya shiga littattafan koyarwa da dokokin gini. Ga inda kimiyya ke shigowa ke nan: tana raba abin da ya tabbata a cikin gargajiya da abin da sa'a ce kawai ta tsayar da shi.

Japan tana da nata kurakurai, kuma ɗalibi mai hankali zai rubuta su a littafinsa. Gidajen zama na zamani a can ba su cika daɗewa ba, da yawa akan rushe su bayan 'yan shekaru talatin. Ƙididdigar gwamnati ta 2023 ta nuna gidaje kimanin miliyan 9 da babu kowa a cikinsu. Akwai kuma labarin benen Nakagin da Kisho Kurokawa ya zana a Tokyo, aka kammala a 1972. Ɗakuna 140 ne kamar akwatuna, an ɗaura su a jikin ginshiƙai biyu da nufin a riƙa cire tsofaffi ana sa sababbi duk bayan shekara 25. Ko ɗaya ba a taɓa canjawa ba, ginin ya lalace, aka rushe shi a 2022. Tunanin sabuntawa iri ɗaya ne da na Ise, amma a Ise akwai jama'a da daji da magada da ke ɗauke da shi, a Nakagin kuwa zane ne kawai a takarda.

Ina Ruwanmu?

Wani zai ce Japan ta yi nisa, me ya haɗa mu da ita? Duk wanda ya taɓa bin titunan tsakiyar Abuja ya taka aikin Bajapane, domin ofishin Kenzo Tange ne ya zana tsarin tsakiyar birnin. Tange gwanin kankare da ƙarfe ne, shi ya zana gidan tarihin zaman lafiya na Hiroshima da zauren wasanni na Yoyogi don gasar Olamfik ta 1964. Duk da haka ya zauna ya yi nazarin fadar Katsura ta Kiyoto da wurin bautar Ise, har ya wallafa littattafai a kansu. Ginin ofishin lardin Kagawa da ya kammala a 1958 na kankare ne, amma wanda ya dube shi zai ga tsarin gwangwala da ginshiƙan katako na dā. Ya san gidansu kafin ya zana wa wasu nasu.

Mu ma muna da abin nazari. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, an ɗaga rufinsa a kan bakan gizo na ƙasa da azara, watau tsagin giginya wanda gara ba ta cika ci ba. Wannan dabara ce ta injiniya sosai: ƙasa tana jure dannawa, azara tana jure ja da lanƙwasa, kamar yadda siminti da rodi ke taimakon juna. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin ya rufta ana cikin salla, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe a kan kari, da gyaran indararo kafin damina, da idon magini wanda ya san ma'anar tsagar da ya gani a bango. Mutum nawa ne suka rage da suka iya ɗaurin bakan gizo, ko haɗa makuba da katsi? Su wa suke koya wa?

Ba a rasa alamun alheri ba. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, magini Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa wanda ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, a 2018, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan yankin. Wannan shi ne irin haɗuwar masani da magini da nake nufi.

Akwai masu cewa kuɗin tafiyar ya yi yawa ga jami'ar da ɗakin zanenta ke yoyo. Suna da hujja. Amsata ita ce kada a tura ɗalibi Nara sai ya riga ya auna Gidan Makama a Kano, ya je gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, ya kuma yi ko da wata guda yana miƙa wa magini tubali. Wanda bai san soron kakansa ba, ba shi da abin da zai gwada Horyuji da shi, yawon buɗe ido kawai zai yi. Ga wanda ya shirya kuwa, gwamnatin Japan tana ba ɗaliban ƙasashen waje guraben karatu ta hannun ofisoshin jakadancinta. Masu jin nauyin shiga wuraren bautar wasu kuma su tuna cewa ɗalibi katako da mahaɗinsa ya je dubawa, addininsa yana nan tare da shi.

Kammalawa

Shawarata ga jami'o'inmu ita ce su buɗe wa Sarkin Magina da mutanensa ƙofar aji, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami, a kuma kai tubali da azara ɗakin gwaji a auna nauyin da suke iya ɗauka da yadda ruwa ke cin su. Ga malaman sakandare, ba sai an jira jirgin sama ba. A sami ma'aunin zafi guda biyu, a rataya ɗaya a ɗakin ƙasa mai rufin soro, ɗaya a ɗakin bulo mai rufin kwano, ɗalibai su riƙa rubuta abin da suka nuna da safe, da azahar, da bayan isha'i har mako guda, su zana jadawali, su yi bayanin bambancin da kansu. Ga ɗalibai kuma, duk wanda ke da burin zanen gine-gine ya nemi tsohon magini a unguwarsu, ya gaishe shi, ya tambaye shi dalilin da ya sa gindin katanga ya fi samanta kauri, ya rubuta amsar. Ranar da Allah ya kai shi Ise, ya ga yaro yana koyon sassaƙa a gaban dattijo, zai gane abin da yake kallo, zai kuma san wanda zai koma ya nema idan ya sauka gida.